Sallau Mahaƙi da Tafkin da Aka Rina da Bula

An yi wani mutum, wani bawan Allah, sunansa Sallau. Kafin in shiga labarinsa, bari in jera muku mutanen da ke ciki, don kada wani ya ruɗe a tsakiya. Akwai shi Sallau, tsohon mahaƙin rijiya. Akwai matarsa Gaje. Akwai maigidansa Alhaji Talle, ɗan kasuwar riɗi. Akwai Uzairu, ɗan ƙanwar Alhaji, wanda cefanen gidan ke hannunsa. Sai Hajiya Balaraba, babbar 'yar Alhaji, wadda ke aure a wani gari mai nisa. Sunan garin kuwa ba zan faɗa ba, domin jikokin mutanen nan suna raye, kuma ba tonon asiri ya tara mu ba.

Ku saurara. Abin ya faru tun ba a haifi yawancinku ba, a zamanin da kuɗi suka fara zama a hannun 'yan kasuwa, kowa yana rushe gidan ƙasa yana ɗora na siminti. Alhaji Talle bai tsaya ga bene ba. Ya sa aka haƙa masa tafkin iyo a bayan gida, aka shafe shi da farin tayil, aka kewaye shi da shingen ƙarfe mai ƙofa ɗaya. Ya kuma sa aka yi wa falonsa wata babbar tagar gilashi tana fuskantar ruwan, don duk baƙon da ya zauna ya gani. Shi kansa Alhaji bai iya iyo ba, ko ƙafarsa bai taɓa tsomawa ba. Amma idan baƙo ya ɗaga kai ya ce, "Kai, Alhaji, har da kogi a gida?" ranar nan ko bai ci abinci ba ya ƙoshi.

Shi kuwa Sallau ƙarfinsa duk a cikin rami ya ƙare. Da bayansa ya fara gardama, ya daina iya sauka rijiya mai zurfi, sai Alhaji ya ɗauke shi ya kula da tafkin. Ya ba shi ɗaki a bayan gida kusa da injin da ke tace ruwan, ya kuma damƙa masa makullin ƙofar shingen. Wannan ɗakin shi ne duk abin da Sallau da Gaje suka mallaka na wurin kwana a duniya. Ba su da gida a gari, ba su da gona a ƙauye, ba su da ɗan da zai ɗauke su. Ku riƙe wannan.

Akwai kuma wata al'ada da Sallau ya taso da ita a gidan da ya koyi haƙa. A gidan nan, idan aka kai ga ruwa, ba a kiran mai rijiya ya zo ya ɗiba sai mahaƙi ya fara cika tafin hannunsa ya sha. In ya haɗiye, rijiya ta zama ta mutane. In ya tofar, a ci gaba da aiki ko a cike ramin. Ba a miƙa wa mutum ruwan da kai ba ka sa a bakinka ba. Da wannan al'ada Sallau ya shigo gidan Alhaji. Kowace safiya, kafin ya buɗe ƙofar shinge, sai ya durƙusa ya kamfaci ruwan tafkin ya wanke fuska, ya kurkure baki. 'Yan gidan suna yi masa dariya, shi kuwa bai fasa ba.

To, ruwan tafki ba kamar na rijiya ba ne. Rijiya tana da ido a ƙasa, kullum sabo yana ɓuɓɓugowa. Ruwan tafki a tsaye yake, in ba a kula da shi ba ruɓewa yake yi. Don haka ake zuba masa magani, wani farin gari mai ƙarfin wari da ake kira kulorin, wanda ke kashe ƙwayoyin cutar da ido ba ya gani. A durom ake sayo shi, kuma yana da tsada. Lokacin da kasuwa ke tafiya, Alhaji bai ma san tsadarsa ba.

Sai riɗi ya faɗi. Ya faɗi bana, ya sake faɗuwa baɗi. Alhaji ya sallami direba ɗaya, ya rage tukunya, amma a waje bai bari kowa ya gane ba. Wata rana ya kira Sallau ya ce, "Sallau, wannan ruwan naka yana cin kuɗi kamar mai baki. Durom ɗin da ke ƙasa shi ne na ƙarshe, sai abin da Allah ya yi. Ka san yadda za ka yi da shi."

Sallau ya ce, "To, Alhaji. Zan yi bakin ƙoƙarina."

Ku dubi yadda mutumin kirki yake tsimi. Sallau ya lura rana ce ke shanye maganin, sai ya daina zubawa da safe, ya koma zubawa bayan rana ta faɗi. Ya roƙi tsofaffin buhunan roba na riɗi da aka jibge a sito, Gaje ta zauna da basilla ta ɗinke su ɗaya bayan ɗaya, har suka zama wata ƙatuwar rufa da ke lulluɓe tafkin duk ranar da ba baƙo. Ya sare reshen mangwaron da ke zubo ganye a ruwa. Abin da ya faɗa duk da haka, ya tsame shi da raga tun bai jiƙa ba, domin ganyen da ya kwana a ruwa magani yake ci. Ya ajiye baho a bakin ƙofa, duk mai shiga sai ya wanke ƙafa. Bangon tafkin kuwa da burushi yake bin sa, da wannan bayan nasa mai ciwo, don kada gansakuka ta samu wurin kamawa. Durom ɗin da a da ba ya kai ko'ina, sai ga shi ya ja ya ja, har Alhaji ya manta da shi.

Duk wannan tsimin daga ina ya fito? Daga bayan Sallau da yatsun Gaje. Babu wanda aka cuta.

Amma abin da ake ɗiba ba a ƙarawa, dole ya ƙare. Ranar da Sallau ya kakkaɓe gindin durom ɗin, ya je ya sami Alhaji a falo, Uzairu yana zaune a gefe. Ya ce, "Alhaji, magani ya ƙare. Ko dai a sayo, ko kuwa a sauke ruwan, mu ba bishiyoyi su sha, a rufe tafkin har Allah ya kawo sauƙi. Babu laifi a cikin haka."

Alhaji ya dubi tagar gilashin nan ya ce, "A sauke? Baƙo ya zauna nan ya ga rami? Kafin la'asar duk kasuwa ta ji cewa Talle ya karye."

Sai Uzairu ya gyara zama ya ce, "Kawu, ai abin bai kai nan ba. Baba Sallau ne ke ɗaukar komai da zafi. Ruwa ba kyan gani ake nema ba? A jefa masa alam, irin wanda mata ke sa wa randa, datti ya kwanta a ƙasa. Sannan a kaɗa bular wanki a zuba. Wallahi sai ya fi na da shuɗi. Da canjin cefane ma zan sayo."

Alhaji ya yi murmushi. Kada ku ce bai sani ba. Ya sani sarai cewa bula ba ta kashe cuta, Uzairu ma ya sani. Babu jahili a ɗakin nan.

Sallau ya ce, "Gidanka ne, Alhaji, ruwanka ne. In don kallo ne, ka rina shi ja ma in ka so. Amma hannuna ba zai zuba ba, kuma daga yau ƙofar nan a kulle take."

Uzairu ya yi dariya ya ce, "Ka ji tsoho da iko. Sarkin ruwa ya yi magana."

Alhaji ya ce, "Ƙyale shi. Wa ke shiga dama?"

Haka aka yi. Uzairu ya zuba alam, ya zuba bula, ruwa ya yi shuɗi shar kamar sararin sama. Baƙi suna zama a falo suna yabawa. Amma Sallau da ke kusa yana ganin abin da ba a gani ta gilashi. Bango ya fara santsi. 'Ya'yan sauro suna wutsil-wutsil a kusurwa. In rana ta take, wani ɗan wari yana tashi. Ranar da ya sa hannu ya tsamo wata matacciyar ƙadangaruwa, hannun ya kwana yana ƙaiƙayi, ya wayi gari da ƙuraje har gwiwar hannu. Bai daina share ganye ba, bai daina lulluɓewa ba, amma ya daina kurkure baki da ruwan.

Ana nan sai Babbar Sallah ta zo, a tsakiyar zafin bazara, hadari ya fara haɗowa a gabas. Hajiya Balaraba ta iso da 'ya'yanta, tare da dangin mijinta da nasu 'ya'yan. Alhaji kuwa ya daɗe yana yi wa surukan nan nasa labarin tafkin. Yara tun a mota ba su da wata magana sai iyo.

Ranar da suka sauka, bayan la'asar, Alhaji ya zagayo bayan gida shi kaɗai. Ya sami Sallau yana naɗe rufar buhuna. Ya ce, "Gobe da hantsi za ka buɗe wa yara."

Sallau ya miƙa masa hannunsa mai ƙuraje ya ce, "Dubi nan, Alhaji. Wannan fatar tsoho ce, wadda ta sha laka da dutse. Yara kuwa ba hannu kaɗai za su sa ba. Za su buɗe ido a ciki, za su haɗiya."

"Rana ɗaya ce, Sallau. Rana ɗaya me za ta yi?"

"Ni ma sau ɗaya na tsoma."

Alhaji ya sassauta murya ya ce, "Kana so in tsaya gaban surukaina in ce ba ni da kuɗin maganin ruwa?"

Sallau ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Ban so asirinka ya tonu ba, na ci abincinka. Ka ce Sallau ne ya ƙi buɗewa, gaskiya ce kuwa. Ka ce tsohon nan taurin kai gare shi. Duk abin da za su kira ni, na ɗauka, ba zan buɗe baki in kare kaina ba. Amma ƙofa ba zan buɗe ba."

Fuskar Alhaji ta canza. Ya ce, "To ka saurara. Gobe in ka buɗe, kuma in an tambaye ka ka ce ruwa lafiya lau, ɗakinka naka ne har ka mutu. In ka ƙi, kada rana ta faɗi ta same ka a gidan nan."

Ya juya ya tafi.

Da suka zauna cin tuwo bayan magariba, Sallau ya gaya wa Gaje duk yadda aka yi. Ta ajiye cokalin miya ta ce, "Malam, ka ga hadarin nan kuwa? Damina a bakin ƙofa take. Ina za mu? Da wannan bayan naka za ka koma rami?"

Ya ce, "Ban sani ba, Gaje."

"Jikokinsa ne fa, ba naka ba. Shi bai ji tausayinsu ba, sai kai?"

"Makullin a hannuna yake, ba a hannunsa ba."

Ta yi tsaki ta ce, "Tun ina yarinya aka ce mini kada in auri mahaƙi, wai duk wanda ya saba zama a rami shi kaɗai ba ya jin maganar mutane. Ban ji ba." Ta juya ta kalli ƙofa. Can ta ce, "Ƙaramar cikin yaran nan, mai kitson zane, ɗazu ta zo ta ce mini, Kaka, gobe za ki zo ki ga iyona?" Ta tashi ta fara kwance labulen ƙofa tana naɗewa. Sallau ya ce, "Me kike yi?" Ta ce, "Ina rage wa kaina aikin gobe. Ci tuwonka, ya huce."

Ku saurara, jama'a, ga inda maganar take.

Gari ya waye, hantsi ya ɗaga. Yara suka yi cincirindo a bakin shinge, kowa da tawul a kafaɗa, suna tsalle. Manya suka fito da kujeru ƙarƙashin mangwaro. Sallau yana zaune a kan kujerarsa ta tsugunno, ya jingina bayansa da ƙofar.

Alhaji ya zo cikin babbar riga ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Sallau, buɗe wa yara."

Sallau ya ce, "Ka yi haƙuri, Alhaji. Ba zan buɗe ba."

Alhaji ya yi wata dariyar da ba ta kai ciki ba, ya juya ga baƙi ya ce, "Kun ga irin abin da nake fama da shi. Tsufa ya fara taɓa shi." Sannan ya ce, "Uzairu, karɓo makullin."

Uzairu ya matso ya ce, "Baba, kada ka sa in yi maka rashin kunya gaban mutane. Kawo."

Sallau bai yi kokawa ba. Ya ciro makullin daga aljihu ya miƙa masa, domin makullin na mai gida ne. Amma bai tashi daga bakin ƙofar ba. Ya ɗauko wata buta da ya ajiye a gefensa, wadda ya cika da ruwan tafkin tun da safe, ya ɗaga ta da hannu biyu ya miƙa wa Alhaji. Ya yi magana a hankali, ba don baƙi su ji ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a gidan da na koyi aiki, ba a ba mutane ruwa sai wanda ya tsaya a kansa ya fara sa shi a baki. Ni na kasa. Ga shi. In ka kurkure bakinka da shi, zan kauce, ba sai an ɗaga ni ba."

Alhaji ya karɓi butar, domin idanu suna kansa. Ya tsiyaya ruwan a tafin hannu. A cikin tafki shuɗi ne mai kyau, amma a tafin hannu sai ga shi wani iri, da ɗan abu yana motsi a ciki. Ya ɗago hannun zuwa bakinsa. Warin ya bugi hancinsa. Hannun ya tsaya. Ya tsaya a nan, tsakanin ƙirji da gemu, ruwan yana zurara ta tsakanin yatsu yana ɗiga a kan farar rigarsa, duk inda ya ɗiga sai ya bar tabon bula.

Baƙi suna nesa, ba su fahimci komai ba. Amma Hajiya Balaraba tana kusa, kuma ta san mahaifinta. Ta dubi hannunsa, ta dubi rigar, ta dubi hannun Sallau mai ƙuraje. Ba ta tambayi kowa komai ba. Ta juya ta tafa hannu ta ce, "Kai, yara, ku wuce ciki. Rana ta yi zafi, yau babu iyo. Wanda ya riga ni falo shi ke da babbar tsokar nama." Yara suka yi ta ƙunƙuni, ƙaramar ta fashe da kuka, amma suka wuce. Ko ɗaya bai taɓa ruwan nan ba.

Alhaji ya yar da butar. Ya ce wa surukansa tsohon ya rikice, ya ɓata wa yara rana, kuma yau zai bar gidan. Wani daga cikin baƙin ya ce, "Ai irinsu in sun daɗe a gida sai su ɗauka nasu ne." Sallau yana ji. Kalma ɗaya ta ishe shi ya wanke kansa, ya ce a tambayi Uzairu abin da ya zuba. Bai faɗa ba. Ya yi alkawari ba zai tona ba, bai kuwa tona ba.

Kafin la'asar suka ɗora kayansu a amalanke: tabarma, tukwane, akwatin Gaje. Gaje ta koma ta jawo rufar buhunan nan ta naɗe ta ɗora a sama. Uzairu ya ce, "Iya, wannan ai ta gida ce." Ta ce, "Buhunan na gida ne, an zubar da su. Ɗinkin nawa ne. In kana so, zo ka warware zarena ka ba ni, ka riƙe buhunanka." Ya kauce.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce Alhaji ya yi nadama ya bi shi da mota, ko Hajiya Balaraba ta gina masa gida. Ba a yi haka ba, kuma ba zan ƙara wa labari abin da babu don ya yi muku daɗi ba. Hajiya ta koma garin mijinta da 'ya'yanta lafiya, ba ta iya tsallake maganar mahaifinta ba. Sallau da Gaje suka samu wani kango a bayan gari, suka ɗaura rufar buhunan nan a kan sanduna, a ƙarƙashinta suka ci daminar nan. Tana yoyo ta wajen ɗinki, suna tara kwanoni. Sallau ya koma yasar rijiyoyin unguwa marasa zurfi, yana sauka a hankali, yana fitowa a hankali. A haka ya rayu, a haka ya koma ga Ubangijinsa. An ce har ya rasu ba a taɓa jin ya ce da na sani ba. In aka tayar da maganar, iyakarsa ya ce, "Yaran ai sun girma."

Tafkin kuwa, da babu mai tsame ganye, babu mai goge bango, bula ta kasa. Ruwa ya koma kore, damina ta sauka, kwaɗi suka tare a ciki. Kukansu har bakin titi. Abin da Alhaji ya kori mutum don ya ɓoye, kwaɗi suka yi ta shelarsa kowace damina, har ya sa aka cike ramin da ƙasa.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Tsimi iri biyu ne. Akwai wanda mutum ke cirewa daga guminsa, kamar na Sallau da raga da burushi, kamar na Gaje da basilla. Wannan halal ne, ku yi shi, zamanin nan ma ya tilasta mana. Akwai kuma wanda mutum ke cirewa daga lafiyar wani, ya bar launi ya janye magani. Wannan ba tsimi ba ne, ha'inci ne, ko da an yi shi da canjin cefane.

Kada wani ya ce shi ba shi da tafki, maganar ba ta shafe shi ba. Kai magini da aka ce ka rage siminti ka ƙara fenti, bula aka miƙo maka. Kai mai gyaran mota da aka ce ka wanke tsohon birki ka mayar, bula ce. Ke mai abincin sayarwa da kika ga man ya juya kika ƙara yaji, bula ce. Kuma kada ka ce kai yaron gida ne, umarni aka ba ka. Wanda ya ba da umarni zai amsa nasa, amma kai ne zaune a bakin ƙofa, ta gabanka yaran za su wuce. Ka tambayi kanka abu ɗaya: wannan da zan miƙa wa ɗan wani, zan sa shi a bakina? In ba za ka iya ba, kada ka kauce daga ƙofar. Za a kira ka mai taurin kai, ka amsa. Za a iya korar ka, ban ɓoye muku ba, an kori wanda ya fi ka. Ka fita da tabarmarka, ya fi maka ka zauna a ɗakin da ka saya da idon yaron wani.

Iyakar abin da na sani ke nan game da Sallau. Ni ban kama alƙalami ba sai da gemuna ya yi fari, saboda haka duk wanda ya ga inda na karkace, a harafi ko a magana, ina roƙonsa ya gyara, kada ya bar kuskurena ya wuce zuwa ga wani. Allah ya jiƙan Sallau da Gaje, ya ba mu ƙarfin zama a bakin ƙofa ranar da aka ce mu kauce.